Ɓarawon Inabin da Ya Zo da Kujerarsa

Ranar Litinin da safe, mutanen Cascarel ba su gama wartsakewa daga murnar jiya ba, sai ga Odile Fabresse ta gangaro daga kan tudu a guje, gashinta a wargaje, fuskarta ja wur. Ba ta zame ko'ina ba sai shagon kofin Fernande, inda rabin gari ke zaune suna sake buga wasan ƙwallon zari-ruga na jiya da fatar baki.

"An yashe ni!" in ji ta. "An yashe Tsofaffi!"

Duk wanda aka haifa a Cascarel ya san Tsofaffi. Itatuwan inabi ne guda ɗari shida a kan tudun duwatsu bayan maƙabarta, waɗanda kakan mahaifin Odile ya dasa shekara ɗari da ashirin da suka wuce. Kowane kututture ya murɗe ya ƙanjame, ba ya ba da abin da ya wuce nonon inabi uku ko huɗu. Daga ɗan abin nan Odile ke fitar da jar giyarta, ganga biyu kacal a shekara, wadda masu gidajen abinci ke hawo tudu tun daga Lyon don su roƙi kwalba goma sha biyu. Tana da wasu gonakin na rufin asiri, amma da Tsofaffi aka san ta.

"Asabar mai zuwa zan tsinke su," ta ce, tana haki. "Na hau yanzu in ɗanɗana, na tarar da ganye zalla."

Nan take kowa ya zama alƙali.

"Ma'aikatan Remedios ne, ba tun yau nake faɗa ba."

"Kai rufe mana baki, Gaspard ne. Shekara nawa yana haɗiyar yawu a kan tudun nan?"

Daga kusurwa, mahaifin Odile, Baba Aristide, ya buga sandarsa a ƙasa. Shekararsa tamanin da huɗu, kuma shekara biyu ke nan ciwon ƙugu ya hana shi hawa tudu.

"Aladun daji ne!" ya ce da ƙarfi. "Bana sun yi yawa. Kada a ɗauki alhakin kowa."

Odile ba ta ko waiwaye shi ba. Ta nufi teburin da Firmin Cazalet ke tsoma biredi a kofinsa. Firmin shi ne mai bin sawu na mafarautan garin. Kowace ranar farauta shi ke fita kafin kowa, ya dawo ya ce alade nawa suka kwana a wane kwari, wanne ne mai ɗingishi, wacce ce mai ciki. A ƙarƙashin teburinsa akwai tsohon karensa, wanda aka raɗa wa suna Sanata saboda aikinsa biyu ne, ci da barci.

"Kawu Firmin, na kira jandarmomi, sun ce sai jibi. Ka ga ranar da ake yi. In an jibge inabin nan a bayan mota, kafin yamma ya yi tsami. In kuma an juye shi a tankin wani an gauraya, shi ke nan, bana babu Tsofaffi. Yau kaɗai nake da ita."

Firmin ya cinye biredinsa, ya kurɓe kofin, ya taɓa karen da ƙafa.

"Tashi, ranka ya daɗe. Aiki ya samu."

*

A bakin gonar ya ce wa Odile ta tsaya a kan hanya, kada ta ƙara masa sawu a kan sawu. Sanata ya sami inuwar katangar maƙabarta ya miƙe.

Firmin ya shiga a hankali, hannuwansa a baya. Sawun alade na nan, amma ya kwana uku, gefensa har ya rufta. Ya tsuguna ya kama wani reshe, ya dubi inda aka yanke nonon inabin. Yankan a karkace yake, sumul, da jan hannu ɗaya. Ya duba na biyu, ya duba na goma, duk haka.

"Aladen Babanki da wuƙa yake yawo," ya ɗaga murya ya ce.

"Ka gaya masa da kanka!"

A tsakanin layuka ya ga nonnan da suka ruɓe an yanke su an yar a ƙasa. Ya ga zagaye-zagaye a turɓaya, inda aka ajiye manyan bahunan katako. Ya ga sawun mutum huɗu, dukkansu gajerun taku. Sannan ya ci karo da abin da ya sa shi sosa ƙeya: ramuka huɗu ƙanana a ƙasa, biyu gaba biyu baya. Ya yi taku ashirin, ga su kuma. Ya ƙara gaba, ga su. Sau bakwai ya same su, kullum a bakin layi, kullum ta gefen da inuwa ke faɗawa.

Shekara arba'in yana bin sawu, bai taɓa ganin dabbar da ke taka ƙasa haka ba.

A bakin hanya kuwa ƙasa ta yi tauri, ba ta riƙe komai ba sai wani faffaɗan sawun tayar tarakta a cikin laka kusa da magudanar ruwa. Odile na ganinsa ta dafe ƙirji.

"Gaspard! Duk garin nan shi kaɗai ke da taya irin wannan."

"Za mu je wurinsa. Amma gonar da Remedios ke aiki tana kan hanya, mu fara da ita."

*

Remedios mutuniyar Andalus ce, shekara goma sha tara tana zuwa Cascarel kowace kaka da ma'aikatanta goma sha biyu. Sun same ta a tsakiyar layi, ɗankwali a kai, almakashi a hannu. Labari ya riga su isa.

"To, an zo kama ɓarayi?" ta ce da wata dusasshiyar murya kamar ta zakaran da mura ta kama. "Ku jira in gama layin nan, sai ku sa mini ankwa."

"Ina kuke jiya, Remedios?"

"Firmin, ba ka ji muryata ba? A ina kake zaton na bar ta? Mun bi bas ɗinku zuwa kallon wasa, mu goma sha uku, daga sha ɗaya na safe har bakwai na yamma. Mu muka yi wa 'yan wasanku ihu da ku kuka yi laƙwas."

Firmin ya tuna. Ita ce ma ta riƙa buga murfin tukunya a bayan kunnensa.

Ya zaro ɗan reshen da ya karyo daga Tsofaffi ya miƙa mata. Ta jujjuya shi, ta fashe da dariya.

"Wannan ai yankan lanƙwasasshiyar wuƙa ne. Wa ke aiki da ita yanzu? Kakata ce na sani da ita, ita ma ta rasu. Yarana in ka ba su irinta, yatsunsu za ka tara a bokiti."

"Kuma ɓarawon ya ware ruɓaɓɓu ya zubar."

"Ya ware?" Ta juya wajen ma'aikatanta. "Kun ji ko? Ɓarawo ma yana tsince ruɓaɓɓe, ku kuwa sai na yi ta haushi! Firmin, in ka kama shi ka turo mini shi, na ɗauke shi aiki."

Odile ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Remedios. Ni ban ce ku ba ne."

"Na sani, 'yata. Je ki nemo kayanki, rana na yi."

*

Gaspard Bringuier ƙato ne, mai gonaki masu yawa da injin girbi da ya kai tsayin gida. Sun tarar da shi yana wanke tirela da mesar ruwa.

"Ka hau tudu da taraktarka," in ji Odile, ko gaisuwa babu.

"Ina kwana, Odile. Lafiya lau na tashi, na gode da tambaya."

"Gaspard," Firmin ya ce, "sawun tayarka na bakin Tsofaffi."

Ƙaton ya kashe ruwan. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ranar Asabar ne. Jiya kuwa gari duka ya ga alƙalin wasa ya kore ni daga bakin fili, ya kuma ji abin da na ce game da idanunsa."

"Me ya kai ka ranar Asabar?"

Gaspard ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya ja numfashi.

"Na ci ƙwayar inabi biyar. To, bakwai. Duk shekara ina yi. Mu ma muna da irinsu a da, na tumɓuke su da hannuna shekara ashirin da suka wuce don inji ya sami hanya. Shi ne nakan je in ɗanɗana in ji abin da na yi wa kaina. In za ki kai ni ƙara a kan ƙwaya bakwai, mu tafi."

Firmin ya leƙa tirelar, ya shinshina, ya leƙa rumbun. Babu komai sai dagargajajjen inabin inji.

"Kuma bari in gaya miki," Gaspard ya ƙara da cewa, ya ɗan sami ƙarfin gwiwa, "tun ranar Asabar sun nuna. Jiran me kike yi, su zama zabibi?"

"Wa ya tambaye ka?"

Agogon coci ya buga sha biyu. Rana ta take, duwatsu sun ɗau zafi. Odile ta zauna a kan matakalar rumbun Gaspard ta rufe fuska da tafin hannu.

"Ya tafi, Kawu. Yanzu haka yana kan babbar hanya."

"Mai gajeren taku ba ya nisa," in ji Firmin. "Tashi mu koma tudu. Akwai abin da na gani da safe ban ba shi haƙƙinsa ba."

*

Da safe ya lura da wani itace guda da aka bari da inabinsa, ya ɗauka mantuwa ce ta mai sauri. Yanzu ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga. A layi na uku akwai ɗaya. A na takwas akwai biyu. Can ƙasa kusa da katanga akwai wani. Ya tashi da tara, a warwatse cikin ɗari shida, kowanne da kayansa cif, ba a taɓa ko ƙwaya ba. Ya duba ƙasa. Sawun masu yankan bai ko tsaya a gabansu ba, ya kewaye su ne ya wuce na gaba.

Ya tsinki ƙwaya ya tauna. Ruwa ne tsararo, ba zaƙi ba ɗaci. Ya dubi ganyen, ya dubi kututturen. A idonsa babu abin da ya raba su da sauran.

"Odile, zo. Waɗannan fa?"

Ta zo tana jan ƙafa, ta kalla sau ɗaya.

"Baƙi ne. Ba ma sa su a giya."

"Su wane ne Baƙi?"

"Shekarar babban sanyin nan, tun Baba na saurayi, guda tara suka mutu. Kakana ya sayi dashe a hannun wani ɗan tireda mai yawo, ashe wani iri ne daban aka sayar masa. Ganye kusan ɗaya, amma 'ya'yan ruwa ne kawai. Ya ji kunyar a san an cuce shi, shi ya sa bai tumɓuke su ba, bai kuma sa musu alama ba. Mu dai mun san inda suke, mukan tsallake su."

"Ku wa?"

"Ni da Baba da Gwaggo Honorine. Ko Remedios ba ta sani ba, don Tsofaffi da hannuna nake..."

Maganar ta maƙale. Ta dubi Firmin, Firmin ya dubi ramukan nan huɗu da ke bakin layi.

"Kujera ce," ya ce a hankali. "Wallahi kujera ce. Ana ciyar da ita gaba, ana bin inuwa da ita."

"A'a. Kawu, a'a. Mutumin da ko matakalar gida sai an riƙe shi?"

"Riƙe shi ɗin aka yi."

Ta juya za ta gangara a guje, ya kamo hannun rigarta.

"Tsaya. In kika dira a kansa yanzu, zai rantse da aladun daji har gobe, kin san halinsa. Inda aka ɓoye kayan muke nema. Ki bar ni in tara su wuri ɗaya."

Ya bi ta shagon Fernande, ya tambaye ta su wa suka ƙi shiga bas jiya.

"Tsofaffin banzan nan mana," in ji Fernande tana goge kofuna. "Aristide ya ce ƙugu. Honorine ta ce ciwon kai. Léonce ya ce zai gyara motarsa. Tagwayen gidan Pujol kuwa suka ce wai sun daina son ƙwallo, mutanen da ko ranar jana'izar uwarsu sai da suka tambayi ci nawa aka tashi. Kuma yau dukkansu tafiya suke kamar an yi musu duka. Me ya faru?"

"Ki gaya wa kowa ƙarfe biyu a dandali. Kowa da kowa."

*

Ƙarfe biyu dandalin da ake wasan jifan ƙwallon ƙarfe ya cika, har da masu leƙe ta taga. Remedios ta zo da mutanenta, Gaspard ya tsaya ya harɗe hannuwa. A kan dogon benci a inuwa tsofaffi huɗu suka jeru: Gwaggo Honorine, ƙanwar Aristide, da baƙar rigarta, Léonce, tsohon ma'aikacin gidan waya mai tsohuwar motar ɗaukar kaya, sai tagwayen Pujol, Émilien da Justin, masu shekara saba'in da tara. Baba Aristide na gefe a kan kujerarsa ta katako, sanda tsakanin gwiwoyi.

"Jama'a," in ji Firmin, "na ga sawun ɓarayin, na auna. Abu ɗaya ya rage, in ga ƙafar kowa. A cire takalma, a cire safa."

Aka yi ta dariya. Remedios ce ta fara wurgar da nata. Gaspard ya tuɓe nasa, waɗanda ke kusa da shi suka ja da baya suna toshe hanci. Cikin minti biyu dandali ya cika da fararen ƙafafu.

A kan benci babu wanda ya motsa.

"Gwaggo?" in ji Firmin.

"A shekaruna? Ƙafar da mijina ma, Allah ya ji ƙansa, sai da ya yi shekara kafin ya gani?"

"Léonce?"

"Likita ya hana ni cire safa."

"Wane likitan?"

"Wani ne. Ba ka san shi ba."

Tagwayen suka kalli juna, suka kalli sama tare.

"Wannan wulaƙanci ne," in ji Baba Aristide. "Na ce muku aladu ne."

Firmin ya tako gabansa ya tsuguna, kamar yadda yake yi a gaban sawu.

"Baba, aladun nan sun yanka da wuƙa irin ta da. Sun ware ruɓaɓɓu. Duk wannan na yarda, alade ma yana iya samun tarbiyya. Amma gaya mini yadda aka yi alade ya san Baƙi guda tara ya tsallake su."

Gwaggo Honorine ta juyo a fusace.

"Ban gaya maka ba? Na ce a yanke su a zubar a rami don kada a gane, ka ce kai hannunka ba zai taɓa su ba!"

"Honorine, rufe bakinki!"

"An riga an buɗe!"

Dandali ya kaure da ihu. Léonce ya ga babu sauran abin ɓoyo, ya sunkuya ya zare safarsa. Ƙafarsa shuɗiya-ja ce har idon sawu, farcen kamar an tsoma a tawada. Tagwayen suka cire nasu, su har ƙwauri. Firmin ya ɗan ɗaga ƙafar kujerar Baba Aristide, ita ma ta rine kamu guda daga ƙasa.

"Da kujerar muka zura shi ciki," in ji Justin. "Ya ce shi ma sai ya taka."

Odile ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zo ta tsaya a gaban mahaifinta.

"Kun tattake shi? Baba, ina inabina?"

"Inabin ubana," ya ce, amma muryar ta yi ƙasa. "Na ce miki sun nuna, kin ce sai Asabar. Na ce a bar su da karansu a taka da ƙafa, kin ce tankin ƙarfe da inji. Shekara goma ina kallonki, ban ce giyarki ba ta da kyau ba. Amma ina so in ƙara shan irin ta ubana sau ɗaya kafin a kai ni bayan katangar maƙabartar can. In na roƙe ki za ki ba ni?"

"Ba zan ba ka ba."

"To kin gani."

"Ina yake?"

"A tsohon kwarmin dutse na taka inabi, ƙarƙashin gidan Honorine."

Odile ta zaro ido. "Kwarmin da aka yi shekara arba'in ba a zuba masa komai ba? Kun jiƙa toshiyar katakon kafin ku zuba?"

Tsofaffin biyar suka kalli juna.

"Léonce ne zai jiƙa," in ji Émilien.

"Ni? Cewa aka yi in kawo mota!"

*

Ba a taɓa ganin gudu irin wannan a Cascarel ba, gari guda ba takalmi a kan duwatsun da rana ta gasa, kowa na tsalle yana zagi. Gaspard da wani ma'aikacin Remedios suka sunkuci Baba Aristide da kujerarsa suka bi baya.

Firmin ne ya fara tura ƙofar ɗakin ƙasan. Sanyi da ƙanshi suka buge shi. A ƙasa kuwa ga wani siririn jan ruwa ya taso daga gindin kwarmin, ya ratsa daɓen, yana gangarawa cikin magudana. Busasshiyar toshiyar ta tsage, tana zubarwa ta gefe. Odile ta kai hannu ta taɓa ta kawai, sai ta karye gida biyu, ruwan ya yi tsartuwa.

"Bokiti! A kawo bokiti!"

Gaspard ya dire kujerar, ya ture kowa, ya durƙusa ya cusa babban yatsansa a ramin. Ruwan ya tsaya cak.

"Allah ya yi wa ƙaton yatsan nan albarka," in ji Remedios.

Odile ta jingina tsani ta hau, ta haska fitila cikin kwarmin. Ta daɗe tana kallo, ta tura hannu har gwiwa, ta ji sanyinsa, ta shinshina.

"Bokiti uku ko huɗu ya tafi," ta ce. "Sauran na nan. Bai yi tsami ba."

Aka saki ihu har ƙura ta zubo daga rufi. Fernande ta rungume Léonce, sannan ta tuna ɓarawo ne ta ture shi.

Odile ta miƙa hannu aka ba ta kofi. Ta ɗebo ruwan, baƙi-baƙi mai kauri, ta kurɓa, ta juya shi a baki. Baba Aristide ya miƙa wuya daga kan kujera.

"Yaya?"

"Yanzu ba ya ɗaukuwa, dole a nan zai nuna," ta ce, ba ta dube shi ba. "Saboda haka ku ji hukuncinku. Sau biyu a rana za a taka shi, shida na safe da shida na yamma, har kwana ashirin. Ku biyar ɗin nan. Wanda ya makara, jandarmomi na zuwa jibi, ban janye ƙarata ba."

"Bayana na ciwo, 'yar nan," in ji Gwaggo Honorine.

"Jiya ina bayan yake?"

"Odile," tsohon ya sake cewa, "tambayarki nake. Yaya ruwan?"

"Ɓarawo ba ya tambayar ɗanɗano."

Amma Firmin, wanda aikinsa ke nan ganin abin da mutane ba su faɗa ba, ya ga ba ta tofar ba kamar yadda masu giya ke yi. Ta shanye kofin tas, ta sake cikawa, ta sauko daga tsanin a hankali don kada ya zube, ta sa shi a hannun mahaifinta, ta riƙe masa gindin kofin. Tsohon ya sha, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

"Da kin bari sai Asabar..." ya fara.

"Baba, sha ka yi shiru."

Daga can ƙasa, inda kowa ya manta da shi, Gaspard ya yi gyaran murya. Yana durƙushe, kumatunsa manne da dutse, hannunsa ya fara sanƙarewa.

"Jama'a, ba don na katse muku ba. Wai ni yaushe zan cire yatsana?"

Odile ta dube shi, ta dubi kwarmin.

"Ba ka ji ba? Kwana ashirin."